Yadda za ka gane tankar yaƙi ta gaske a bidiyo

Ni dai abin da ke ba ni dariya, da an ga wata mota mai sulke a bidiyo sai ka ji an ce "ga tankoki nan sun shigo", alhali a mota goma da ƙyar ka samu tanka biyu. To ga yadda ake rarrabe su, ba wani wuya.

Fara da ƙafa. In tayoyin roba ne kamar na tirela, manta, ba tanka ba ce. BTR-80 ta Rasha tayoyi takwas gare ta, aikinta kwasar sojoji. Waɗannan dogaye masu tsayi da cikinsu ya tsuke ta ƙasa kamar harafin V kuwa MRAP ne, an yi musu cikin haka ne don in sun taka nakiya ƙarfin fashewar ya watse ta gefe maimakon ya daki waɗanda ke ciki.

In kuma sarƙa ce, kar ka yi saurin yanke hukunci, nan ne mutane suka fi faɗawa. Dubi bindigar. Tanka ta gaske bututunta dogo ne mai kauri, faɗin raminsa milimita 120 a Abrams ta Amurka da Leopard 2 ta Jamus, 125 a T-72 da T-90 na Rasha, kuma galibi za ka ga wani kumburi a tsakiyar bututun, shi ke fitar da hayaƙin harbi kar ya koma ya shaƙe mutanen ciki. In ka ga siririn bututu kamar sanda, to Bradley ce mai milimita 25 ko BMP-2 mai 30, leƙa bayanta za ka ga ƙofar da sojoji ke fita. Tana da sarƙa, tana da kai mai juyawa, amma dai motar dakon sojoji ce da ke iya faɗa.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce igwa mai tafiya da kanta, irin su M109 da PzH 2000. Bututunsu ma ya fi na tanka girma, milimita 155, shi ya sa kowa ke cewa ga babbar tanka. Alamarta: kai ƙato kamar akwati wanda ya zauna ta baya, da wani ƙarfe mai huji-huji a bakin bututun, sannan za ka ganta ta ɗaga baki sama tana harbi can nesa inda ba ta ma gani. Sulkenta ba kauri, ba a yi ta don gaba da gaba ba.

To ka tabbatar tanka ce, ta wa ce? Ƙirga tayoyin ƙarfen da ke cikin sarƙar, banda na can gaba da na can baya da suka ɗan ɗaga sama. Shida a gefe, ga ta gajeriya kai a zagaye kamar an kifa kwano, dangin T-72 ne, mutum uku ne kawai a ciki saboda na'ura ce ke ɗura harsashi. Bakwai da faffaɗan kai mai kusurwoyi, Abrams ko Leopard 2, mutum huɗu. Biyar da rata tsakanin ta farko da ta biyu, tsohuwa T-55 kenan. Wallahi wannan ƙirgen taya ya fi komai saurin kashe gardama, sai dai in siket ɗin gefe, wato sulken da ke kare sarƙar, ya rufe su.

Ka buɗe sauti ma. Abrams injinta irin na jirgin sama ne, tana wani fito mai tsini, ba rugugin dizal irin na Leopard ba.

Su kuma ƙananan akwatunan nan kamar bulo da ake jerawa a jikin tankokin Rasha da Yukiren, abin fashewa ne a cikinsu, in roka ta daka sai su fashe waje su rage mata ƙarfi. Kejin ƙarfe da ake ɗorawa a sama kuwa tun yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya yawaita saboda jirage marasa matuƙi, kuma yana ɓoye siffar kan gaba ɗaya, in ka ga haka koma kan tayoyi kawai.