Yadda mai fili a Abuja zai kare kansa idan ɗan haya yana harka da abu mai guba

Yawancin masu filaye a Apo, Dei-Dei da Kubwa suna ɗauka cewa da zarar sun karɓi kuɗin haya daga makanike, ko mai fasa tsofaffin batura, ko mai ajiyar man gas, duk abin da ya zube a wurin ba ruwansu. Doka ba ta ɗauki lamarin da wannan sauƙi ba. Bayan da aka jibge gangunan sharar guba daga Italiya a wani fili da aka karɓa haya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a shekarar 1988, gwamnati ta kafa dokar shara mai cutarwa, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda aka kama da laifi, ta kuma ce filin da aka zuba sharar zai koma hannun Gwamnatin Tarayya. A ƙarar neman diyya ma, mai gidan da ya san irin sana'ar da za a yi, ya amince da ita, kuma ɓarnar ta biyo daga ita, yana iya samun kansa a gaban alƙali tare da ɗan hayarsa.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a miƙa makulli. Ka tambayi mai neman hayar abin da zai ajiye da inda zai riƙa kai shararsa, ka nemi ganin takardun izininsa da idonka, sannan ka ɗauki hotunan filin yadda yake a ranar. Idan akwai rijiya ko burtsatse a ciki ko a maƙwabta, ka kai ruwan a gwada a ɗakin gwaje-gwaje, ka adana sakamakon. Wannan takarda ita ce za ta raba gardama nan gaba, domin in ba ita, babu yadda za ka nuna cewa gurɓatar ta faru ne a zamanin ɗan hayar.

Yarjejeniyar haya ita ce inda aka fi sakaci, don da yawa takardar dillali kawai suke sa wa hannu. Ka sa lauya ya rubuta ƙarara cewa ba za a zuba baƙin mai ko ruwan batir a ƙasa ko a kwata ba, cewa tankin man gas zai zauna a kan daɓen siminti mai katanga da za ta tare abin da ya tsiyaye, cewa kana da ikon shiga ka duba, kuma ɗan hayar ne zai biya kuɗin gyaran ƙasa kafin ya tashi. Masu fasa batir kuwa, a ganina gara a bar filin ya zauna babu kowa, domin dalmar da ke cikin batir ba ta ruɓewa a cikin ƙasa, kuma ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a annobar da ta bayyana a 2010.

Ka riƙa kai ziyara da kanka, musamman da damina. Ƙasar da ta yi baƙi tana danƙo a bayan gareji, da ruwan kwata mai walƙiya kamar bakan gizo, da warin mai a gugar da aka jawo daga rijiya, duk alamu ne da bai kamata ka yi shiru a kansu ba. Ka rubuta wa ɗan hayar gargaɗi mai kwanan wata, ka riƙe kwafi.

Idan kuwa abin ya riga ya zube, a fara toshe inda yake fitowa, a tare shi da yashi ko ƙaiƙayin katako, kada a kora shi da ruwa zuwa kwata. Ka gaya wa maƙwabta su dakata da shan ruwan rijiya, ka kai rahoto a rubuce ga hukumar kare muhalli ta Abuja, AEPB, da kuma hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, wadda dokarta ta 2007 ta haramta sakin abubuwa masu haɗari a ƙasa, ruwa ko iska. Ƙasar da aka kankare kuma a miƙa ta ga kamfanin kwashe shara mai lasisi, a karɓi rasit, a haɗa shi da sauran takardun filin.