Yadda za ka gina ɗan ƙwallon raga har babban kulob ya ɗauke shi

Yawancin yaran da ke zuwa gwaji a manyan kulob ana sallamarsu ne tun kafin su nuna abin da suka zo da shi. Yaro ya shekara yana tsalle yana doka ƙwallo har ƙasa ta amsa, unguwa kaf ta san shi, sai koci ya koma ƙarshen fili ya aiko masa sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, ƙwallo ta bugi hannunsa ta nufi 'yan kallo. Ko kai kocinsa ne, ko yayansa, ko mahaifinsa, ga yadda za ka bi da shi.

Fara da duba jikinsa, ka ajiye son zuciya. Tsayin raga na maza mita 2.43 ne, na mata 2.24, kuma a gasar manya ba a rage wa kowa. In ya kusa gama girma amma bai da tsayi, kada ka bar shi yana mafarkin tsayawa tsakiyar raga yana tare ƙwallo. Mayar da shi mai ɗaga wa 'yan duka ƙwallo, wanda ake kira seta, ko kuma libero, mai riga daban da ke tsaron baya. Tun 1998 da aka shigo da libero gajeru suka samu wurin zama a wasan nan.

Sai karɓar sabis, kuma a nan nake so ka zauna. Tunda aka koma tsarin da kowane kuskure maki ne ga abokan hamayya, zagaye kuma na ƙarewa a maki 25, wanda bai iya karɓa ba shi za a yi ta aika wa ƙwallo har kocinsa ya cire shi. Ƙafa ce ke karɓar ƙwallo kafin hannu. Ya ware ƙafafu, ya ɗan durƙusa, idonsa na kan kafaɗar mai sabis tun yana jefa ƙwallon sama, ya isa inda za ta sauka ya tsaya cak, sannan ya haɗa hannuwa. Yaran da ke gudu da hannuwa a haɗe kullum a makare suke isa. Gwiwar hannu a miƙe, manyan yatsu a jere, ƙwallon ta taɓa damtse sama da wuyan hannu. Kada ya wurga hannu sama. Karkata kafaɗa zai yi wajen da yake so ta je, wato gaban raga ta ɗan dama da tsakiya, kamar mita ɗaya daga ragar, da tsayin da seta zai samu shiga ƙarƙashinta. Wadda ta tsallake raga kyauta ce aka ba abokan hamayya, gara ta gaza kaiwa da ta zarce.

Sabis mai lilo, wanda ake bugawa ba tare da ƙwallon ta juya ba, shi ne ke tona asiri, domin tana kaucewa ne a daidai lokacin da yaro ya ɗauka ya gama karanta ta. Ba wani magani sai yawan gani. Ka tsaya ka yi ta aika masa hamsin, sittin a kowane atisaye, daga dama, daga hagu, wata gajera wata doguwa. Ka riƙe littafi kana ba kowace karɓa maki daga sifili zuwa uku: uku in ta je wa seta daidai, sifili in ta mutu a hannunsa. Ni ba na kai yaro gwaji sai matsakaicinsa ya kai biyu, kuma ya ɗauki makonni yana nan. In ba kowa a fili, bango ya isa. A ja layi da gawayi daidai tsayin raga ya yi ta mayarwa sama da layin. Kuma ya buɗe baki ya ce "tawa" da ƙarfi, yaro mai kunya tsakaninsa da na kusa da shi ƙwallo ke faɗuwa suna kallon juna.

Wani abu da mutane ke mantawa: yaranmu a fili buɗaɗɗe suke tasowa, da rana da iskar hunturu, manyan gasa kuwa a rufaffen ɗaki ake yi. A can ba iska, sabis ya fi zuwa da sauri, fitilun sama kuma na ɗauke ido. Nemi hanya ya ɗan yi atisaye a ɗakin wasanni irin na Ƙofar Mata a Kano ko na filin Ahmadu Bello a Kaduna kafin ranar gwaji.

Nasa sabis ɗin, ya ƙware a mai lilo yana tsaye kafin ya taɓa na tsalle. Daƙiƙa 8 gare shi bayan busar alƙalin wasa, kada ya yi gaggawa.

Batun kuɗi. Ƙwallon Mikasa ta asali tana da tsada, amma a haɗa kuɗi a sayi ko guda ce, don da irinta ake gasa, kuma nauyinta da tashinta daban suke da na jabun kasuwa. Takalmi na gwanjo ba laifi in tafinsa bai cinye ba. Abin kare gwiwa kuwa ba a tsimi a kansa, musamman a filin siminti. In ya fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, a dakatar da tsalle a kai shi asibiti, kada a ce jarumta.

Daga nan sai a gan shi. Gasar makarantu, gasar matasa ta ƙasa da aka sha yi a Ilorin kafin ta koma Asaba, gasar jami'o'i ta NUGA in ya kai can, nan masu neman 'yan wasa ke zama. Ɗauki bidiyon cikakken zagaye ɗaya da waya daga bayan fili, ba gutsattsarin dukan da ya ci kaɗai ba, don koci so yake ya ga abin da yaron ke yi bayan ya yi kuskure.

Wajen zaɓen kulob kada suna ya ruɗe ku. A babbar gasar Najeriya akwai Kano Pillars, Kada Kings, Offa, da ƙungiyoyin hukumomi irin su Kwastam da Sibil Difens, waɗanda iyaye ke so saboda fatan samun aiki. Amma ɗan shekara 17 da zai shekara a benci can, gara masa kulob na rukunin ƙasa inda zai buga kowane wasa. Ka tambayi kocin kai tsaye: mutum nawa ke gabansa a wannan matsayi, ina zai kwana, makaranta fa?

Ka je da kanka ka sallami tsohon kocinsa cikin mutunci, ku karɓi takardar saki. Shekarunsa na takardar haihuwa su dace da na NIN, kada a rage ko wata ɗaya. Duk abin da aka yi alkawari a rubuta, babba ya sa hannu in bai kai 18 ba. In tayin na ƙasar waje ne, Masar ko Tunisiya, sai da takardar sauya sheƙa ta FIVB, hukumar ƙwallon raga ta duniya, wadda ke bi ta hukumar ƙwallon raga ta ƙasa, kuma duk dillalin da ya ce a fara ba shi kuɗin biza kafin ku ga wasiƙar kulob ɗin, ku rabu da shi.