Yadda zaka sarrafa amfilifaya mai nauyi in kai kaɗai ne a gida, ba tare da ka illata bayanka ba

Duk wanda yake son sauti na gaske a ɗakinsa ya san cewa babbar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti ta tura wa sifika, ba abin wasa bace wajen nauyi, ranar da ka saya a shago yara ne zasu ɗora maka ita a mota kana ta murna, sai ka iso gida ka ga daga kai sai ita a bakin ƙofa, babu ƙani babu abokin zama. Anan ne mutane da yawa ke yin ganganci, mutum ya sunkuya ya rungumo ta da ƙarfin tsiya saboda ɗokin ya ji sauti, wani ya wanye lafiya, wani kuma daga ranar ya gamu da ciwon bayan da zai daɗe yana jinya. Abin da nake so ka riƙe shine wannan na'ura ba ɗagata ake ba in kai kaɗai ne, janta ake, a tura ta, a gangara da ita, in ma ya zama dole ta hau sama to kaɗan kaɗan ake hawa da ita.

Mataki na farko, ka san kilo nawa ce kafin ka taɓa ta. Duba jikin kwalin ko takardar da ta zo da ita, in kuma tokunbo ce babu kwali babu takarda to ka rubuta sunan kamfanin da lambar samfurin a Google zaka gani. Kada ka auna da ido, domin girman akwatin baya nuna nauyin. Misali McIntosh MC275 mai ƙwayayen gilas ɗin nan da ake kira bawul, in ka ganta ba wata babba bace amma tana kai kilo 30. Pioneer SX-1980 da aka fitar a 1978 ta kai wajen kilo 35. McIntosh MC462 kuwa kilo 52 ce, wato ta ɗara buhun siminti, kuma shi buhu ko banza yana lanƙwasa ya kwanta a jikinka, ita kuwa ƙarfe ce mai kusurwa da kaifi. To ka haɗa wannan da abin da masana lafiyar ma'aikata suka faɗa. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyaka, shima sai in komai ya daidaita, kayan na kusa da jiki, akwai wurin riƙo mai kyau, babu murɗa ƙugu. Hukumar HSE ta Birtaniya ta ce kilo 25 ga namiji, 16 ga mace, in kayan na daidai ƙugu kuma manne da jiki, amma in daga can ƙasa zaka ɗauko ko zaka kai saman kafaɗa sai adadin ya sauko zuwa kilo 10 ga namiji, 7 ga mace. Kaga kenan ɗauko amfilifaya daga ƙasa a ɗora saman kantar ajiye kaya shine aiki mafi haɗari, kuma shine wanda kowa ke fara yi.

Bayan ka san nauyin sai ka san inda nauyin ya taru. Yawancinsa taransifoma ce a ciki, dunƙulen ƙarfe da wayar tagulla, sai faifayen alminiyon ɗin gefe masu fitar da zafi. Masu bawul ma taransifomarsu ba ɗaya bace, akwai ta wuta akwai na fitar da sauti, kuma sau da yawa duk a gefe guda aka jera su. Shi yasa zaka ɗauka kana zaton nauyin a tsakiya yake sai kaji ta rinjaya gefe ɗaya ta kusa kuɓuce maka. Tana ƙasa ka ɗan ɗaga kowace kusurwa da hannu ɗaya kamar yatsa biyu, nan take zaka ji ɓangaren da ya fi nauyi, wannan ɓangaren shine zai riƙa kasancewa kusa da jikinka duk lokacin da zaka motsa ta.

Sai shirin jiki da na wuri. Ka sa takalmi rufaffe, ba silifas ba, kilo 30 in ya sauka a kan ɗan yatsan ƙafa ba sai na faɗa maka ba. Ka sa safar hannu irin ta masu aiki mai roba a tafin, domin faifayen nan na gefe suna yanka hannu sosai. Cire agogo da zobe da bel mai ƙarfe saboda kada su karce fuskar na'urar, wasu fuskarsu ma gilas ce. Kwashe duk abin da ke hanya, wayoyi, darduma, takalma. Sannan wayarka ta kasance a aljihunka ba a kan caji can ɗaki ba, in da hali ma ka faɗa wa maƙwabci cewa zaka yi aikin kaya mai nauyi, in bayanka ya riƙe kana kwance a ƙasa kai kaɗai wannan wayar ce zata cece ka.

In sabuwa ce a kwali, kada ka zura hannu ka ce zaka zaro ta ta sama, wannan shine sunkuyo mafi muni. Buɗe saman kwalin ka cire ƙananan kaya, ka lanƙwasa marafan huɗu waje, ka shimfiɗa bargo a gefe, sai ka kwantar da kwalin a gefensa a hankali, ka sake juya shi bakinsa ya kalli ƙasa, sannan ka zare kwalin sama. Kwalin ka ɗaga ba amfilifayar ba. Zata fito a kife cikin sosonta, sai ka mirgina ta a kan bargon ta dawo daidai. In mai bawul ce ka tabbata ƙwayayen ba a jikinta suke ba kafin ka juya. Wasu kamfanonin kuma suna ɗaure ta da kusoshi a kan katako a gindin kwalin, irin wannan ka karanta takardar tukuna. Kuma don Allah kada ka yar da kwalin da soson, ranar gyara ko ranar tashi daga gida zaka neme su.

In kuma tana aiki ne kake so ka canja mata wuri, kashe ta, zare filogi daga bango, ka bata lokaci ta huce, musamman masu bawul da masu irin ƙirar da ake kira kilas A waɗanda ke zafi kamar me. Ɗauki hoton bayanta da waya kafin ka cire ko waya ɗaya, ka manna salatif a kowace ka rubuta hagu ko dama. Ƙwayayen bawul ka zare su ɗaya bayan ɗaya ka naɗe a tsumma ka rubuta ramin da kowanne ya fito. Abu ɗaya da ba a yi, ba a riƙe ta ta maɓallin ƙara sauti ko ta wuraren ɗaura wayar sifika, zasu karye. Ƙarƙashinta ake riƙewa, ko hannayen ƙarfen gaba in tana da su. Kada kuma ka ce zaka kwance murfin ka cire wani abu don ta rage nauyi, manyan kafasito ɗin ciki, wato ma'ajiyar wutar lantarki, suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Yanzu ga asalin dabarar, kuma anan nake so ka kashe ɗan kuɗi. Je wajen kafinta ya yanka maka filawud mai kauri, irin mai inci uku bisa huɗu, ya fi gindin amfilifayar faɗi da kamar yatsa uku ta kowane gefe, a ɗaura masa tayoyi huɗu irin na ƙarƙashin teburin shago, biyu daga ciki masu birki. Wajen sayen tayar ka tambayi kilo nawa kowace ke ɗauka, ka zaɓi masu roba kada su karce tayil. Hawa da ita kan katakon ba wuya, taka birkin, jingina katakon da bango kada ya gudu, ɗaga gefen da bai da nauyi ka ɗora a bakin katakon, sai ka koma ɗaya gefen ka durƙusa ka tura. Daga ranar ka huta, shara zaka yi ka jawo ta, waya zaka canja ka juyo da bayanta gabanka maimakon ka cusa kai bayan kanta kana haska fitilar waya. Ga wani amfanin kuma, ta tashi daga ƙasa, ruwan mofa bazai taɓa ta ba, iska zata shiga ta ƙasa, domin ajiye ta kai tsaye a kan kafet mai laushi yana toshe ramukan iskar ƙarƙashi. Ni a ganina duk amfilifayar da ta wuce kilo 20 wurinta kenan, ƙasa kusa da kantar, ba sama ba. Ƙananan na'urori su hau sama. Ka dai bar mata sarari kamar tsawon tafin hannu ta sama don zafi ya fita, lokacin hunturu kuma ka rufe ta da ƙyalle in tana kashe saboda ƙura, ka cire kafin ka kunna.

Kafin a gama haɗa katakon, bargo ma ya isa. Ɗaga gefe ɗaya ka tura tsohon bargo ko kwalin da aka baje ƙarƙashinta, ka ja bargon. A kan tayil ko siminti mai santsi zaka sha mamakin yadda zata biyo ka.

To in dole sai ta hau kanta fa? Sai a yi mata hawa hawa. Nemi guntayen katako masu kauri wajen kafinta, kamar guda takwas zuwa goma, duk tsawonsu ya wuce faɗin na'urar. Kawo ta gaban kantar, ɗaga gefe ɗaya ka tura katako, ɗaga ɗaya gefen ka tura wani, kowane ɗagi kusan rabin nauyin kawai kake ɗauka ɗaya rabin na kan katako. Layi na biyu ka gicciya shi a kan na farko don kada ginin ya yi lilo, haka zaka ci gaba har ta zo daidai da bakin kantar. Shimfiɗa kwali ko tawul a kan kantar saboda ƙafafun robar nan suna kama katako basa zamewa, tabbatar kantar na jingine da bango, sai ka tura ta ciki, ɓangare mai nauyi yana wajenka. In ta zauna ka ɗaga gefe gefe ka zare kwalin. Aikin yana cin lokaci kam, amma babu inda ka ɗauki nauyinta gaba ɗaya. Wannan na kantar da bata wuce gwiwa ba ne, in ta fi haka tsawo ginin katakon zai zama haɗari shi kansa. Kuma kantar gilas ta talabijin ko ta garin katakon nan da ake matsewa ba a yi su don kilo 40 ba, gara mai walda ya haɗa maka ta ƙarfe.

In wadda zaka iya ɗagawa ce, ƙasa da kilo 20, to ka yi shi daidai. Buɗe ƙafa, lanƙwasa gwiwa ka sauka, ba ƙugu zaka karya ba, jawo ta ta manne da cikinka, ka miƙe da ƙarfin cinya. In zaka juya ka juya da ƙafafunka gaba ɗaya, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Ka riga ka shirya inda zaka sauke tun kafin ka ɗauka.

Maganar bene kuwa bazan ɓoye maka ba, babu dabarar da na yarda da ita ga mutum ɗaya in ta wuce kilo 25. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. 'Yan dako suna nan a kowace kasuwa da tasha, mai gadi yana nan, samarin unguwa suna nan, abin da zaka basu bai kai kuɗin hoton baya a asibiti ba balle kuɗin sabuwar fuskar na'ura. Ka dai tsaya a kansu, ka mayar da ita cikin kwalinta tukuna, ka nuna musu gefen da yafi nauyi, mai ƙarfin ya tsaya ta ƙasa, kuma kada a ɗora ta a ka. Haka in gyara ta ke so, fara tambayar mai gyaran ko zai zo gida, da yawa suna zuwa in ka biya kuɗin mota. In dole sai an kai ta, jingina falanki a bakin but ɗin mota ko bakin adaidaita sahu a tura ta sama, a sa bargo a ƙasa, a tokare ta kada ta riƙa yawo a hanya.

Kada ka manta da abokan tafiyarta. Ƙarfin wutarmu bolt 230 ne, tokunbo daga Amurka 120 take so, ta Japan 100, kenan sai ka haɗa da taransifomar rage wuta, ga kuma stabilaiza, su ma dunƙulen ƙarfe ne masu nauyi. A yi musu nasu katakon mai taya, kada ka ɗora su a kan amfilifayar.

In kuma har ka riga ka ɗaga kaji wani abu ya tsinke maka a baya, tsaya nan, kada ka ce bari in ƙarasa. Ciwon da ke sauka ta cinya har ƙafa, ko ƙafa ta yi sanyi bata da ƙarfi, ko kaga kumburi ya fito a mara ko matsematsi, wannan na likita ne ba na man zafi ba. In fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninka ba, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Wanda kuma bai saya ba tukuna, ko shekaru sun fara ja, ya duba irin da ake kira kilas D. Basa ɓarnar wuta ta zama zafi sosai, don haka basa buƙatar manyan faifayen alminiyon, yawancinsu kuma babu ƙatuwar taransifomar nan a ciki. Crown XLS 1502 ko kilo 5 bata kai ba, da hannu ɗaya zaka ɗauka. Akwai kamfanoni irin Hypex na Holan da Purifi na Denmak da suke ƙera kayan cikin irin waɗannan, kuma sautinsu ya kai inda masu kunne ke girmamawa. Na san akwai masu cewa sautin tsohon ƙarfe daban ne, ban musa ba, in kana cikinsu to ka nemi irin da aka raba gida biyu, akwati ɗaya na sifikar hagu ɗaya na dama, amma ka duba nauyin kowanne domin wasu ɗaya ma ya fi kilo 40. Kuma tun a shago ka yi ciniki da sharaɗin yaransu zasu kawo ta har cikin ɗaki su ɗora a kan katakon da ka riga ka tanada.