Yadda Za a Gwada Juriyar Irin Alkama ga Cutar Bakteriya

Manomin da ke noman rani a yankin Bakolori, tsakanin Talata Mafara da Bakura, yana iya gane irin alkamar da ke jure cutar zanen ganye a gonarsa, ba tare da ya dogara da maganar mai sayar da iri ba. Ƙwayar bakteriya mai suna Xanthomonas translucens ce ke haddasa cutar, kuma mafi yawan lokaci a jikin iri take ɓuya ta shigo gona.

Lokacin shuka, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a ware fangali guda ga kowane iri, kamar Norman da Reyna-28 da Atilla, a jera su kusa da juna, a ba su ruwa da taki daidai wa daida, domin duk bambancin da ya bayyana ya zama daga irin ne, ba daga kulawa ba.

Idan alkama ta fara fitar da zangarniya, a riƙa duba ganye kowane mako. Alamar farko ita ce siraran zane masu bin jijiyar ganye, kamar an ɗiga masa mai, waɗanda idan aka ɗaga su ga hasken rana sai a ga haske yana ratsa su. Daga baya su yi rawaya, su koma ruwan ƙasa. Da sassafe akan ga ɗigon ruwa mai danƙo kamar zuma a kansu, wanda ke bushewa ya bar ƙyalli. Idan cutar ta haura zangarniya, ƙaiƙayin yakan yi baƙi. Ina jan hankali sosai a nan, domin yana ba ni takaici in ga manomi ya kashe kuɗinsa yana fesa maganin tsatsa, wata cutar ganyen alkama ta daban, alhali maganin ba ya taɓa bakteriya. A shafa ganyen da yatsa: tsatsa tana barin gari ja, wannan kuwa ba ta bari.

Wajen auna tsanani, ganyen ƙarshe da ke ƙasan zangarniya ne abin lura, domin shi ne ke ciyar da ƙwaya har ta cika. A zaɓi tsiro 20 a kowane fangali, a ƙiyasta ko cutar ta ci kwata, ko rabi, ko fiye da rabin ganyen, a rubuta da kwanan wata. Sai raɓa ta bushe a shiga, saboda tufafi da hannu suna ɗaukar ƙwayar cutar daga wannan tsiro zuwa wancan.

Irin da ganyensa ya fi daɗewa da kore shi ne mai juriya, amma a maimaita gwajin a rani na biyu, tunda shekarar da ba ta da laima kowane iri yakan yi kyau. Fangalin da ya kamu kuwa, a kai amfaninsa injin niƙa, kada a ajiye ko mudu ɗaya don shuka.