Yadda Mai Sana'ar Kansa Zai Rage Harajin da Yake Biya a Najeriya

Harajin kuɗin shiga a kan riba ake ɗora shi, ba a kan ciniki ba, kuma wasu masu sana'a da ke kukan an tsawwala musu sun rasa takardar da za ta nuna wa hukumar tara haraji ta jiharsu abin da suka kashe ne. A ƙarƙashin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a karɓar komai a kansu, naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari, sannan miliyan 9 na gaba kashi 18.

Mataki na farko shi ne ka raba kuɗin sana'a da kuɗin gida. Ka buɗe asusun banki na sana'a kaɗai, ka mallaki lambar shaidar mai biyan haraji, domin idan cefane da kuɗin kaya suna fita daga aljihu ɗaya, babu jami'in da zai yarda da lissafinka.

Bayan haka sai ka riƙa rubuta kowane kuɗin da ka kashe da ajiye rasidinsa, kuma a nan ne rangwamen ya fi yawa. Doka ta yarda a cire abin da aka kashe domin sana'ar zalla: hayar shago, albashin yaran shago, kuɗin wuta, fetur ɗin janareta, dakon kaya da gyaran na'ura. A ɗauki tela da ya yi cinikin naira miliyan 5 a shekara, ya kashe miliyan 2 a kan yadi, zare, haya da albashi. Idan yana da rasidai, ribarsa miliyan 3 ce, harajinsa naira 330,000. Idan kuwa aka lissafa masa a kan miliyan 5 ɗin, zai biya naira 690,000, wato fiye da ninki biyu saboda rashin littafi. Kuɗin makarantar yara, hidimar biki da tara ba sa shiga, wayar da ake amfani da ita gida da shago kuwa sai a raba kuɗinta gwargwadon amfani.

Kayan aiki masu daɗewa, kamar keken ɗinki, mota ko kwamfuta, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar saye. Ana rarraba shi a kan shekaru, saboda haka a adana takardar sayensu.

Daga nan sai ka nemi sauƙin da doka ta ba kowane mutum: kuɗin fansho, inshorar lafiya da ta rai, da kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da kake zaune, iyakarsa naira 500,000. Idan kana yi wa kamfani ko gwamnati kwangila kuma an zaftare haraji tun kafin a biya ka, ka karɓi shaidar hakan domin a rage maka shi daga abin da ake bin ka.

A ƙarshe ka miƙa bayanin kuɗin shigarka na shekarar da ta wuce kafin 31 ga Maris, ko da riba ba ta kai ta biyan haraji ba, domin jinkiri yana jawo tara.