Ka Kwance Noti? Bar Shaida A Wurin

Duk sabon da aka kawo ɗakin gwajinmu, hoto ɗaya nake fara nuna masa: tauraron ɗan'adam kwance a ƙasa kamar buhun da ya suɓuce daga mota. NOAA-N Prime ne, na hasashen yanayi, a masana'antar Lockheed Martin da ke Sunnyvale ta Kalifoniya, ranar Asabar 6 ga Satumban 2003. An kwance notuna 24 daga amalanken da ake kishingiɗar da shi a kai, ba a rubuta ba. Masu aikin ranar suka duba takarda, takarda ta ce komai a ɗaure yake. Ana fara karkata shi ya zame. Gyaransa ya ci dala miliyan 135, bai tashi sama ba sai 2009.

To, ga yadda nake yi.

Kafin in taɓa komai, ko waya ce zan cire ko noti, sai na faɗa wa mai jan ragamar gwajin, shi kuma ya maimaita mini abin da ya ji. Gyaɗa kai ba amsa ba ce. Da na cire, nan take in rataya jan kati a daidai gurbin: sunana, rana, ƙarfe nawa, abin da na cire da adadinsa. A jikin na'urar nake nufi, inda ko mai gyangyaɗi zai ci karo da shi. Sannan in shiga littafin aiki kafin in tafi ko shan ruwa. "Zan rubuta anjima" ita ce ƙaryar da ta fi yawo a wannan sana'a.

Lokacin miƙa aiki ya fi ko'ina haɗari. Ba na yarda a miƙa mini a bakin ƙofa. Mu je gaban na'urar, littafi a hannu, mai miƙa aikin ya nuna da yatsa, ni kuma in ɗora sifana in ji da hannuna. Sa hannun jiya ba ya ɗaure notin yau. Idan ƙaramin ma'aikaci ya ce, "Oga, ga ramuka babu noti," a tsaya cak. Ƙanƙantar mai magana ba ta rage gaskiyarta.

Wani canjin ma ido ba ya ganinsa. Tankin iskar oksijin na Apollo 13, kumbon da Amurka ta tura duniyar wata, makunnan kariyar hitarsa na wuta mai ƙarfin volt 28 ne, alhali na'urorin da ke ba shi wuta a ƙasa volt 65 suke bayarwa. An sauya ƙa'idar a takarda, makunnan ba su sauya ba, tankin ya fashe a hanyar zuwa duniyar wata cikin Afrilun 1970. Shi ya sa idan na sauya ƙarfin wuta ko lamba a kwamfuta, nakan tambayi kaina wa kuma ke dogara da tsohuwar lambar, in same shi har inda yake.

Jan katin kuwa, wanda ya rataya shi ne kaɗai ke cire shi, bayan mutum na biyu ya ƙirga notunan ɗaya bayan ɗaya.