Baƙin ganye ba shi ne ƙarfi ba: inda masu sayen tabar siga ke tafka kuskure

Mai sayen tabar siga, wato wadda ake naɗewa da ganye zalla ba takarda, da ya ga mai baƙin jiki sai ya ce ga mai bugarwa nan. Ba haka abin yake ba. Baƙin ganyen da ake naɗe ta da shi daga waje, wanda ake kira maduro, irin su San Andrés na Meziko da Connecticut Broadleaf na Amurka, duhunsa ya zo ne daga rana da kuma daɗewar da ya yi a jibge yana zafi har ya nuna. Shi ya sa ma yakan yi ɗan zaƙi-zaƙi da ƙamshin koko. Ƙarfi kuwa yana cikin ganyen ligero, wato na can saman shukar taba, da aka cusa a tsakiya. A tambayi abin da ke ciki, a bar kallon launi.

Sai ruɗin tambari. Kamfanin Habanos na Kyuba ya fara fitar da Edición Limitada, wato siga ta musamman da ake yin kaɗan, a 2000, kuma tun 2007 duk ganyen da ke cikinta sai ya shekara biyu a ajiye. Ban da zoben takarda na tambari, tana da zobe na biyu, baƙi da ruwan zinariya, ɗauke da shekara. Wannan zoben ma 'yan jabu na kwaikwayonsa. Wanda ya tare ka a titin Havana ya ce ɗan'uwansa na aiki a masana'antar siga, gaishe shi ka wuce. Akwatin Cohiba, shahararriyar sigar kamfanin, mai murfin gilashi kuwa jabu ne, babu ja. A duba lambar hatimin akwatin a shafin kamfanin kafin a zaro kuɗi.

Wurin ajiya ma ana ɓarna. Kamfanin ya ce laima 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi digiri 16 zuwa 18. Baƙin ganye na da kauri da maiƙo, idan laima ta yi yawa sai ya riƙa mutuwa, gefe guda na ci ɗaya na tsaye. Hunturun Kano kuma kan busar da shi har ya tsage, zafin bazara ya ƙyanƙyashe ƙwaron taba, ka buɗe akwati ka tarar da 'yan ramuka kamar an soka allura. Wadda ta bushe a hankali ake mayar mata da laima, makonni, ba a yayyafa ruwa.

Kuskuren da ya fi duka tsada shi ne cewa tunda ba a haɗiye hayaƙin, babu illa. Babbar siga ɗaya na iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda, kuma nikotin ta fatar baki yake shiga jini. Kansar baki da ta maƙogwaro ba ruwansu da tsadar akwati.